Ranar da Na Ba Surukina Lamba Ɗaya

Ba zan taɓa mantawa da wata ranar Lahadi ba, kuma ko da na yi niyyar mantawa, akwai mutum wajen arba'in a unguwar Biafra ta Treichville, a Abidjan, da suka ɗauki nauyin tuna mini kyauta.

Bari in fara da sana'ata, don daga nan tsiyar ta taso. Ina da teburi da lema a kasuwar wayoyi ta Adjamé. Ina sayar da caja da rigar waya, sannan ina manna gilashin nan da ke kare fuskar waya, wanda muke kira antishok. A wannan fannin ba na jin kunyar kowa. Idan na manna maka gilashi, ko ka kai shi gaban rana ba za ka ga kumfar iska ko ɗaya a ƙarƙashinsa ba. Iyakar ilimina ke nan a harkar na'ura, sai kuma kashewa da kunnawa.

To, da aka je nema mini auren Balkisa, Baffa Habu ne ya shige gaba, ƙanen mahaifina. Mahaifinta, Alhaji Issufu, tsohon mai fitar da kaya ne daga tashar jiragen ruwa, mutumin Nijar da ya fi shekara talatin a Abidjan, mai gida mai ƙofa goma sha ɗaya. Ya tambayi Baffa, "Yaron mi yake yi?" Baffa ko ƙifta ido bai yi ba ya ce, "Informatique," wato aikin kwamfuta. Da na yi masa ƙorafi daga baya, sai ya ce, "Waya ba informatique ne a cikinta ba? Kai ba a kanta kake aiki ba?" Na ga maganar tana da ƙanshin gaskiya, na bar ta a haka. (Gaskiyar Allah, daɗi ma na ji. A satin nan na sayi tabarau marar magani.)

Balkisa ta san komai, don a teburina muka haɗu, ni na manna mata gilashi. Ita ce ma ta yi shekara biyu tana karatun haɗa kwamfutoci bayan ta gama sakandare. Amma a wajen mahaifinta, duk macen da ta zauna gaban kwamfuta buga takardu take koya. Idan wani abu ya lalace a gidan, sai ta jira ya fita ta gyara, shi kuma ya dawo ya ce ai dama na'ura hutu take so. Da na faɗa mata abin da Baffa ya yi, ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce, "Kai dai ka yi ta addu'a kada komai ya lalace kana gidan."

Saura abu ɗaya a sa rana: Kaka. Mahaifiyar Alhaji ce, tana wani ƙauye can bayan Tawa, kuma ta ce ba a ba da jikarta sai ta ga fuskar yaron da idonta. Ƙauyen ba a samun waya. Sai ranar Lahadi, ranar kasuwa, za a ɗauko ta a amalanke zuwa garin da ake samu, inda wani ɗan'uwansu malamin makaranta yake da waya mai kiran bidiyo. Daga azahar zuwa la'asar ne, don da la'asar amalanke ke juyawa gida. Tsohuwa ce mai ciwon ƙafa, kuma damina ta kawo kai. Idan aka rasa wannan Lahadin, sai bayan girbi. Ga shi kuma tana da wani jikan ɗan'uwanta mai shago a Tawa da take yawan ambata ba tare da an tambaye ta ba. Ni dai na san idan wannan kiran ya lalace, watanni huɗu tsohuwa za ta yi tana jin yabon mai shago, ni kuma ko muryata ba ta sani ba.

Muka shiga woro-woro, tasin haɗaka, ni da Baffa, muka tsallaka gada, na sha shadda mai sitaci da tabarau. Muka isa bayan azahar kaɗan. Na cire takalmi tun daga bakin baranda, na durƙusa na gai da Alhaji, na zauna a ƙasa na sunkuyar da kai. Aka kawo shinkafa da miyar kifi, ban taɓa ba, don suruki ba ya ci a gaban surukinsa (Baffa ya ci nasa ya ci nawa, ya ce don kada a ga kamar mun raina). Mata suna tsakar gida suna jiran kiran Kaka a wayar Hajiya, mahaifiyar Balkisa. Gidan irin tsohon ginin nan ne mai kaurin bango da ɗakuna a cushe, waya ba ta kamawa sai a bakin ƙofar titi. Shi ya sa duk 'yan haya suka rataya a akwatin intanet ɗin Alhaji, wanda ake kira bokis, yana kan kabad a falonsa yana ƙifta fitilu.

Da na ci gaba da kallon tabarma har aka kira, da yanzu ban da labari. Sai Alhaji ya gyara murya.

"Bon. Tunda Allah ya kawo mana injiniya har gida."

Ya yaye wani mayafi a kusurwa, sai ga tsohuwar kwamfuta ta teburi, da igiya daga bayanta zuwa bokis. Ya ce kwana huɗu ke nan tana yanke masa aiki tana fito da wani rubutu, kuma ya hana kowa taɓa ta, ya kulle falon, ya ce surukinsa na zuwa. Na leƙa. Rubutun Faransanci ne, yana cewa adireshin IP ɗinta ya yi karo da na wata na'ura. Kowace kalma na gane ta, amma da aka haɗa su sai suka fi ƙarfina. Na gyaɗa kai a hankali, na ce, "Hmm." Sannan na nemi izinin kewayawa.

A bayin 'yan haya na yi karatuna na informatique gaba ɗaya. Da intanet ɗin gidan, wanda Balkisa ta taɓa ba ni lambar sirrinsa, na nemo wani bidiyo na minti bakwai a wayata. Mutumin ya yi bayani tiryan-tiryan: kowace na'ura a gida tana da lamba kamar lambar ƙofa, lambar kashi huɗu ce, kashi na ƙarshe shi ne nata na kanta. Idan na'ura biyu suka ɗauki lamba ɗaya sai su yi ta rigima, maganin shi ne a canja wa ɗaya na ƙarshen. Ya nuna inda ake shiga. Ina minti na uku wani ya buga ƙofa da ƙarfi yana tambaya da Faransanci ko mutum ne a ciki ko gawa. Na kashe bidiyon na fito. A raina na ce sauran minti huɗun ai godiya ce da neman a bi shafinsa.

Na dawo da ƙwarin gwiwa. Na zauna a kujerar kwamfuta (karon farko da kaina ya yi tsawo ɗaya da na Alhaji), na bi tagogin nan ɗaya bayan ɗaya, kuma wallahi na same su. Ga lamba nan: 192.168.1.23. Niyyata in goge ashirin da uku in sa ashirin da huɗu. Har yau idan na ga lamba ashirin da huɗu a jikin mota sai na yi ajiyar zuciya.

Alhaji ya sa nasa tabarau, mai magani, ya leƙo ta kafaɗata.

"Wannan ashirin da ukun fa?"

"Lambar ordinateur ɗinka ce, Baba, a cikin na'urorin gidan nan."

Ya gyara zaman tabarau. Sannan ya ce, "A gidan wa?"

Ya kamata a fahimci Alhaji. Mutum ne da ya ƙare rayuwarsa a layin tashar jirgi, inda ake ba kowa lamba, kuma mai ƙaramar lamba shi ake fara sallama. A masallaci sahun farko yake, a wajen shayi kofin farko nasa ne. Ya juya wajen Baffa ya ce, "Ka ga abin da nake faɗa? Shi ya sa take nawa. Sai an sallami mutum ashirin da biyu kafin a zo kaina. Har telan ƙofa ta bakwai yana gabana." Baffa ya ce wannan ai raini ne. Alhaji ya dube ni, "Ko ba haka ba, injiniya?"

Suruki ba ya musu da surukinsa. Ballantana surukin da bai san amsar ba. Na ce, "Haka ne, Baba."

"To wa ke da lamba ɗaya?"

Na ce, "Ai sai kai, Baba." Na goge ashirin da uku, na danna ɗaya. Akwai wani gurbi a ƙasa mai suna passerelle da lambobi a ciki, su ma suka ƙare da ɗaya, sai na ga za su yi mana gardama, na goge su na bar gurbin fanko.

Kwamfutar, Allah ya saka mata, ta yi ƙoƙarin cetona. Ta fito da gargaɗi cewa akwai wanda ya riga ya zauna a wannan lambar. Na fassara wa Alhaji. Ya ce, "To, ya tashi." Ban san yadda ake tayar da shi ba, sai na koma ga ilimina na asali: na miƙe na zare wutar bokis, na ƙirga goma, na mayar. Kafin bokis ya gama farkawa, kwamfutar ta riga ta hau kujerar. Gargaɗi ya ɓace. Alhaji ya kalli lamba ɗaya a allo, ya dafa kafaɗata ya ce, "Voilà." Baffa ya dubi rufin ɗaki yana murmushin wanda ƙaryarsa ta zama gaskiya. Na ji daɗin duniya na kimanin minti biyu.

Abin da ban sani ba shi ne, lokacin da nake ƙirga goma, kiran Kaka ya riga ya shigo. Mata suna tsakiyar gaisuwa, an wuce gajiya da gida, an zo kan ya ruwa.

Muryar farko da na ji ta Tanti Awa ce, 'yar ƙabilar Jula ta ƙofa ta uku mai sayar da atamfa ta waya. "Eh! Wifi-là est parti!" Wato intanet ya tafi. Daga nan ƙofofi suka fara buɗewa. Tela ya fito da almakashi a hannu. Wani ɗan dakon tashar jirgi da ke kallon ƙwallo ya fito ba riga, yana cewa ana shirin buga fanareti. Kowa na ɗaga waya sama: alamar wifi cike take fal, amma ko saƙon "salam" ba ya fita.

Sai ga Hajiya a bakin ƙofar falo. Ba za ta yi mini magana kai tsaye ba, kunyar suruki, saboda haka ta fuskanci ƙyauren ƙofa ta ce masa, "A faɗa wa baƙo tsohuwa ta tsaya." Ta miƙo wayar. A nan na fara ganin Kaka: hotonta ya daskare, bakinta a buɗe, ido ɗaya a rufe.

Alhaji ya ce kowa ya kwantar da hankalinsa, akwai injiniya a gidan.

Minti ashirin da suka biyo baya ba na fatan su ga maƙiyina. Na buɗe taga na rufe, na sake buɗe ta. Na zare wutar bokis har sau uku. Na cire igiya na hura mata iska. Na zaro wayata a ɓoye don in ƙarasa kallon minti huɗun nan, sai na tuna ni da hannuna na kashe intanet ɗin da zan kalla da shi. Gumi ya ci sitacin shaddata, tabarau yana ta zamewa a hanci. 'Yan haya sun jeru a taga suna kallon ƙeyata. Na ce ina jin matsalar daga kamfani ce. Tela ya leƙa gidan maƙwabta ya dawo ya ce nasu lafiya ƙalau. Baffa ya ciro carbi, kuma na lura da kowace ƙwaya da ya ja yana ƙara matsawa nesa da ni.

Aka kai wayar Hajiya bakin ƙofar titi ta ɗan kama, malamin ya kira da kiran murya. Saƙo ya iso falo daga baki zuwa baki: cajinsa ya kusa ƙarewa, masu amalanke sun fara ɗaure jakuna, tsohuwa kuma ta ce in dai wasa aka ɗauko ta a yi da ita, to a mayar da ita gida. Tanti Awa ta ce a fita da ni titi a yi kiran a can mana. Alhaji ya ce uwarsa ba za ta fara ganin surukinsa a bakin kwata ba, tsakanin masu sayar da garba, dambun rogo da kifi, da hayaƙin soya kifi. Ya juyo gare ni, wannan karon ba murmushi. "Injiniya, yaya?"

Tsoro ya kama ni na gaske. Ba kunyar ba, ita na riga na haɗiye ta. Na ga Balkisa tana suɓuce mini saboda lamba ɗaya tak, na ga mai shagon Tawa yana auna mata sukari.

Akwai labule tsakanin falo da ɗakin ciki. Budurwa ba ta shigowa inda saurayinta yake zaune da mahaifinta, ba ta kuma yi masa magana a gabansa. Sai labulen ya ɗan motsa.

"Baba, a tambayi baƙo wace lamba ya sa."

Alhaji ya amsa da kansa, da alfahari, "Ɗaya."

Labule ya sake motsawa. Sannan aka yi wani sauti da har yau Balkisa take rantsuwa tari ne.

"Baba, lamba ɗaya ta bokis ce. Shi ne ƙofar gidan, kowa ta wajensa yake fita. Yanzu duk wayoyin gidan nan wajen ordinateur ɗinka suke zuwa suna sallama, shi kuma bai san hanyar titi ba."

"Ke ina kika san wannan?"

"Shi na karanta shekara biyu, Baba. A ce wa baƙo ya goge ɗayan ya sa ɗari biyu."

"Ɗari biyu?" Alhaji ya miƙe tsaye. "Daga ashirin da uku zuwa ɗari biyu? Gaba muke yi ko baya?"

"Ba layi ba ne, Baba, ba wanda ake fara sallama. Can ne babu kowa. Kaka na jira."

Alhaji ya matso kusa da ni. Ya dubi lambarsa a allo, ya dubi wayar Hajiya da aka dawo da ita, inda hoton uwarsa ya daskare ɗazu. Sannan ya ce da ni, da muryar da duk tsakar gida ta ji, "An ce ka sa ɗari biyu."

Haka aka yi aikin. Labule ya faɗa wa Alhaji, Alhaji ya faɗa wa injiniya, injiniya ya danna da yatsa ɗaya, mutum arba'in na kallo. "An ce ka mayar da abin da ka goge a passerelle." Na mayar. "An ce ba nan ba, ƙasa." Na sauka ƙasa. "An ce ka cire tabarau in shi ke hana ka gani." (Wannan na tabbata ba daga labule ya fito ba.) Na cire. Da na danna na ƙarshe, aka ɗan jira, sai wayoyin gidan suka hau ƙara gaba ɗaya, saƙonnin rabin awa suna zubowa. Ɗan dako ya kurma ihu, an riga an ci su biyu. Tanti Awa ta leƙo ta taga ta ce mini, "Yako," irin sannun da ake yi wa wanda aka yi wa rasuwa.

Hajiya ta koma tsakar gida da wayar tana kira. A ɗan wannan tsakanin Alhaji ya sunkuyo ya rage murya.

"Yaro, tsakaninka da Allah, mi kake yi a Adjamé?"

Na ce, "Gilashi nake manna wa waya, Baba."

Baffa ya ce, daga can kusa da ƙofa, "Reshe ne na informatique."

Ba wanda ya kula shi. Aka miƙo mini wayar, kuma na fahimci a cikin minti ɗaya Hajiya ta riga ta ba surukarta labarin duka, don tsohuwa ta kawo fuskarta dab da allo tana leƙena kamar mai duba akuya a kasuwa. Na fara gaisuwa, ta katse ni.

"Kai na ka kashe musu waya?"

"Ni ne, Kaka."

"Wa ya gyara?"

"Balkisa."

"Kai mi ka yi?"

"Abin da ta ce."

Ta yi dariya har wayar ta karkace, na ga sama da kunnen jaki. Da ta dawo ta ce a ba ta ɗanta. "Issufu, ka ba shi. Ubanka shekara arba'in ina hwaɗa mishi hanya ta bayan zana, bai taɓa ji ba sai ya hwaɗa rami. Wanga ya ji tun ranar hwarko." Ta fara sa albarka, ta kai "Allah shi ba da," sai cajin malam ya ƙare. Muka ce amin a kan sauran.

Na ji ƙwalla ta cika mini ido, kuma ba ni da tabarau da zan ɓoye ta. Alhaji ya mayar wa Hajiya wayarta. Ya ce sharaɗinsa ɗaya ne, kada hannuna ya ƙara taɓa wani abu mai igiya a gidansa. Sannan ya zaro wayarsa daga aljihu, gilashinta duk ya tsage, ya ce, "Wannan dai ka iya?" Washegari na kawo sabo na manna masa a gabansa. Ya kai shi gaban rana ya juya, ya juya, bai sami kumfa ba. Ya ce, "To, ka riƙa faɗin wannan."

Shekararmu huɗu da aure yanzu. A Biafra ba wanda ya san sunana na yanka, daga masu garba har limamin unguwa Numéro Un, wato Lamba Ɗaya, suke kirana, ina kuma amsawa. Abin da na koya bai taka kara ya karya ba: bidiyon minti bakwai, minti bakwai ake kallonsa, kuma duk gidan da ka shiga, kafin ka ba wani lamba ɗaya don neman fada, ka fara tambaya ko kujerar da mai ita. A namu gidan na Adjamé, Balkisa ce ta haɗa komai. Kwanan baya na leƙa jerin na'urorin da ta tsara: talabijin na biyu, wayarta na uku, tawa tana ɗari biyu. Na ce mata me ya sa, ta ce gadon surukina na ci. Na duba sama in ga sunan da ta sa wa bokis mai lamba ɗaya, sai na ga an rubuta Balkisa. Na rufe shafin a hankali, ban taɓa komai ba.